Sunana a Wuyan Ja'e

Da na sauka a Warsaw babu wanda ya zo tarbata. Dillalin da ya shirya mini tafiyar tun daga Rano ya ce ina fitowa zan ga mutum riƙe da kwali an rubuta Sama'ila. Na ga kwalaye da yawa, ban ga nawa ba. Na yi ta zagaya zauren da jakata har masu shara suka fara gane fuskata. Lambar da ya ba ni tana shiga, ba a ɗauka.

Ni malamin makaranta ne, haifaffen Nariya ta ƙasar Kibiya, kuma na daɗe ina koyarwa a wata sakandare a Rano. A jami'a na ɗan taɓa falsafa, ta kama ni ta ƙi saki, har na nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a da ke gabashin Poland. Gurbin na gaskiya ne. Ɗakin kwanan da dillali ya ce ya kama mini ne ƙarya. Ban gane haka ba sai da na hau bas na yi doguwar tafiya cikin yayyafi, na isa ƙofar masaukin ɗalibai, matar da ke wurin ta duba kwamfuta ta girgiza kai, ta sake dubawa ta sake girgizawa.

Mai gadin wurin, wani dattijo mai jan hanci, ya ga ina rawar sanyi cikin rigar shadda. Ya ja ni ɗakinsa ya ba ni shayi ba madara. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin harshensu. Ya buga waya ya miƙo mini, sai na ji an ce, "Salamu alaikum, wane ne?" da Hausar Kano tsantsa. Saura kaɗan in yi kuka.

Mai muryar Alhaji Sabo ne, amma kowa Ciyaman yake ce masa. Ya zo da mota ya ɗauke ni zuwa wani tsohon gida a bayan gari, dab da layin dogo, cike da 'yan ƙasarmu. Ya ba ni katifa da bargo da rigar sanyi. Ya zuba mini shinkafa da miya. Ina ci yana cewa, "Malam, nan gidanka ne. Mu a nan ɗan'uwa shi ne wanda ka gani." Bayan na samu katin zama, ya karɓi katin da fasfona ya ce zai yi mini rajistar gida. Ya riƙe su makwanni kafin ya dawo mini da su. Na yi masa godiya har da durƙusawa.

Ban taɓa sanin rana tana iya yi wa mutum rowa ba sai a garin nan. Kafin ka idar da La'asar duhu ya fara. Na kasa zama wuri ɗaya. In na fito daga aji sai in hau bas in bi shi har ƙarshen layi, in sauka, in tsaya ina kallon gonakin tuffa da suka zubar da ganye, in hau wani in dawo. Lokacin girbin dawa ne a gida. Nakan tuna yadda ake jera dammuna a bakin gona, da amalanken shanu a hanyar Kibiya, da duwatsun Rano in rana ta yi yamma. Matata Rabi takan kira ni in ta gama aikin gida. Wata rana ta ba 'yarmu Hafsa wayar, yarinyar ta ce, "Abba, can ma ana yin rana?" Na ce ana yi. Ta ce, "To me ya sa kullum kana cikin hula?"

A aji, darasin da ya fi tsaya mini a rai na wata tsohuwa ne, Farfesa Halina, 'yar siririya mai farin gashi wadda ba ta zama in tana koyarwa. Zangon gaba ɗaya a kan kalma ɗaya ta gina shi. Na daɗe ina neman Hausar kalmar, daga baya na tsaya a kan "ƙetarewa": abin da ya wuce iyakar da ido da hankali za su iya kaiwa.

A rana ta farko na ɗaga hannu na ce, "Mu wannan tun muna yara muka san shi. Allah ya ɗaukaka daga kama da komai, hankali ba ya kewaye shi."

Ta ce, "Nan ma daga can aka fara. Amma masananmu sun yi ta saukowa da tambayar ƙasa. Sun ce, to shi mutum fa? Akwai wani abu a cikinsa da ya wuce abin da aka yi shi da shi?"

Ta fara da wani tsohon masanin Jamus. A fahimtata, cewa ya yi hankali kamar gona ce mai shinge. Abin da ke bayan shingen ba za ka iya auna shi ba, kuma 'yancin mutum a can bayan yake. Ba za ka iya nuna shi a faifai ba. Amma duk ranar da zuciyarka ta ce maka "ya kamata ka yi kaza", to ka riga ka yarda za ka iya yi, ka kuma iya ƙi.

Na ce, "Ƙaddara fa? Mu mun yi imani komai a rubuce yake."

Ta ce, "An nuna maka rubutun?"

Na ce a'a.

"To gobe da safe da me za ka yanke shawara?"

Ban ji haushi ba, domin malaminmu na zaure a Nariya ya sha faɗa mana abin da ya yi kama da haka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne in zo ƙarshen duniya in ji shi a bakin Baturiya.

A gidan Ciyaman na haɗu da Ja'e. Bafulatani ne dogo, mai shiru, ya girme wa ɗalibaina amma bai kai ni ba. Da na tambaye shi garinsu ya ce rugarsu tana kusa da Fammar, can ƙasarmu ta Kibiya. Na ajiye cokali. Dillali ɗaya ne ya turo mu. Shi an ce masa kiwon shanun madara zai zo yi, ya iso aka kai shi wurin yanka katako, bizarsa ta ƙare, ya maƙale. Da ya faɗi sunan mahaifinsa sai na gane gidan. Shanunsu sun taɓa shiga gonar babana ina saurayi, har aka je gaban mai unguwa. Na faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ni ne nake bayansu ranar. Barci ya ɗauke ni." Tun daga nan muke ci a kwano ɗaya. Shi ya gano shagon da ake samun garin masara, muna tuƙa abin da muke kira tuwo don dai kada mu manta.

Wata Asabar yana alwala, katin aikinsa ya zamo daga cikin riga yana lilo a wuyansa. Na kai ido. Sunana ne a jiki, da sunan mahaifina.

Na ce, "Ja'e, wannan fa?"

Ya ce, "Alhaji ne ya ba ni. Ya ce in an kira wannan sunan in amsa. Na ɗauka ka sani."

Na sami Ciyaman a tsakar gida yana goge mota. Bai ko musa ba. Ya ce, "Malam, kai ɗalibi ne, doka ta ba ka damar aiki. Shi ba shi da ita. Ka ara masa inuwa, me ya ragu a jikinka? Kowa a nan haka yake rayuwa."

Na ce, "Ba a tambaye ni ba."

Ya ce, "To yanzu ka sani. In ka kai ƙara, shi za a fara kamawa, kai na biyu. In kuma gidan ne ya ishe ka, ga ƙofa." Ya nuna mini titi. Ƙanƙara ta fara sauka a makon.

Na yi shiru. Na ce wa kaina ba ni da zaɓi. Na faɗa a bas, na faɗa a ɗakin karatu, na faɗa bayan sallama daga salla. Kamar da gayya, a makon ne Farfesa Halina ta iso kan wani Bafaranshe da ya yi rubutu bayan babban yaƙinsu. Shi a wurinsa ƙetarewa ba a sama take ba. Dutse dutse ne, ba zai zama komai ba sai abin da yake. Mutum kuwa kullum yana gaba da halin da ya tsinci kansa. Ko a kurkuku akwai abin da zai yi da kurkukun. Wanda ya ce "ba ni da zaɓi" ya zaɓa ne, yana ɓoye wa kansa.

Na fusata a ranar. Na ce, "Wanda ya rubuta wannan yana da ɗaki mai ɗumi da fasfon da ba a tare shi a ko'ina."

Ta ce, "Wataƙila. Wannan ya sa maganarsa ta zama ƙarya, ko ta zama mai tsada?"

Na fita na bi bas har ƙarshen layi, na ƙi hawa na dawowa, na tako da ƙafa har yatsuna suka daina ji.

Daga nan ta kawo mu kan masani na uku, wanda aka kashe danginsa a wancan yaƙin. Shi cewa ya yi abin da ya fi ƙarfin hankalinka yana zaune a gabanka: ɗan'uwanka mutum. Duk sunan da ka sa masa, baƙo, talaka, ɓarawo, ya fi sunan girma. Fuskarsa tana neman haƙƙi a wurinka tun kafin ka yarda ka ɗauka. A kan wannan aka ba ni maƙalar da zan gabatar a gaban aji. Na shirya ta sosai. Ina rubutu a gefen katifa, Ja'e yana gefe yana cire sartsen katako daga tafin hannunsa da allura.

Ranar gabatarwar, da hantsi, na sa takalmi ke nan mota ta tsaya a ƙofa. Ciyaman da wani Bature shugaban ma'aikata suka shigo da Ja'e a tsakiyarsu. An naɗe hannunsa na dama da rigar aiki, rigar ta jiƙe har tana ɗiga. Baturen ya ajiye shi ya fita da sauri.

Ciyaman ya ce, "Zarto ne ya ɗan taɓa shi. Akwai wani yaronmu da ya taɓa aikin jinya, zai zo da yamma ya ɗinke. Malam, kai tafi makarantarka."

Na ce, "Alhaji, asibiti za a kai shi."

"Da wane suna? Ka yi tunani. Kai ne za ka fi kowa asara."

Ja'e yana jingine da bango, leɓɓansa sun yi fari. Bai roƙe ni komai ba. Ya ɗago ido ya ce, "Malam, ruwa."

Mutane sukan tambaye ni ko karatun ne ya sa na yi abin da na yi. Gaskiya ban tuna da masani ko ɗaya ba a lokacin. Na ba shi ruwa, na ɗaure masa dantse da igiyar jakata, jini ya ɓata mini riga, na fita da gudu. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce da ban taɓa gaishe ta ta amsa ba. Na buga mata ƙofa. Ta leƙo, ta ga rigata, ba ta tambayi komai ba ta ɗauki waya. Ta biyo ni da tawul masu tsabta, ta durƙusa a gaban Ja'e tana yi masa magana a hankali da harshensu har motar asibiti ta iso. Kafin nan Ciyaman ya fice ta baya. Ban sake ganinsa ba.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi sunansa. Ja'e, ido a lumshe, ya faɗi nawa, don shi bakinsa ya saba. Na ce, "A'a. Wannan sunana ne. Shi Muhammadu Ja'e." Ta dube ni, ta dube shi, ta kira wani. An ceci hannun, amma babban yatsa da manuni kawai suka rage.

Mataki na gaba ofishin kula da baƙi ne. Farfesa Halina ta ji dalilin da ya sa ban zo aji ba, ta nemo mana lauya. Lauyan ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Masu wurin katakon sun ce Ja'e da kansa ya kawo musu takardu. Ciyaman ya ɓace. Saura ni. Za a tambaye ni ko na san ana aiki da sunana. In na ce ban sani ba, babu mai iya buɗe zuciyata, karatuna zai ci gaba, amma Ja'e ya zama ɓarawon takardu, za a tsare shi a kore shi da hannunsa haka. In na ce na sani, na kuma faɗi yadda Ciyaman ya ƙulla abin, Ja'e ya zama wanda aka zalunta, za a iya barinsa ya zauna a yi masa magani a bi masa haƙƙinsa. Ni kuma zai zama na amsa laifin cewa na sani na yi shiru.

Kwanakin da suka biyo baya ban iya cin abinci a zaune ba. Rabi ta kira, na ce mata komai lafiya. Ranar da za mu shiga, Farfesa Halina ta zo ta zauna kusa da ni a benci, jakarta a cinya.

Na ce, "Farfesa, me zan ce musu?"

Ta ce, "Ba zan faɗa maka ba. Ba ni zan koma gida hannu wofi ba."

"Littattafan da kika koya mana fa?"

Ta ce, "Cikin waɗanda suka rubuta su akwai waɗanda ranarsu ta zo suka kasa. Ni ma ban san me zan yi ba da ni ce. Na zo ne kawai kada ka zauna kai kaɗai."

Jami'in matashi ne mai ladabi. Ya yi tambayar ta bakin tafinta. Har lokacin da na buɗe baki ban san wacce amsa za ta fito ba. Na ce na sani. Na faɗi ranar alwala, da maganar da muka yi da Ciyaman a gaban mota, da shirun da na yi. Yana rubutawa bai ɗago ba.

Ba a ɗaure ni ba. An janye katin zamana, aka ba ni wa'adin barin ƙasar. Farfesa ta yi rubuce-rubuce ta bi ofis-ofis, bai yi ba. Ja'e kuwa an ba shi izinin zama har a gama shari'a, aka kai shi wani masauki. Da na je sallama da shi ya ce, "Malam, ban faɗa wa Inna ba. A waya ba zan iya ba. Ka je da kanka." Na yi alkawari. Tsohuwar maƙwabciya ta ba ni tuffa a leda ranar da zan tafi, har yau ban san sunanta ba.

Na iso Kibiya ana tsakiyar zafi. Labari ya riga ni: an koro Malam Sama'ila. Wasu suka ce ƙwaya aka kama ni da ita. Waɗannan ba su dame ni ba kamar Rabi. Ta saurare ni har na gama, tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "Abban Hafsa, ban ce ka yi kuskure ba. Amma ka yi shawara da lauya, ka yi da Baturiya, ni da na zauna da yarinya ina jiran wannan karatun ka ce mini komai lafiya." Duk zancen 'yancin da na koyo bai gaya mini cewa in na zaɓa, akwai waɗanda za su biya tare da ni ba tare da an tambaye su ba. Mun daɗe kafin maganar ta kwanta, kuma ban ce ta kwanta duka ba.

Na koma aji a Rano. Wani lokaci ina tsakiyar darasi sai in ga na tsaya a bakin taga. Nakan ce da na yi magana tun ranar da na ga katin, wataƙila da hannun yana nan. Nakan kuma ce wataƙila da an kama shi tun ranar. Ban san wanne ne gaskiya ba.

Sai da na yi mako biyu ina ɗagawa kafin na ari babur na nufi Fammar. Rugar tana bayan wani rafi da ya ƙafe. Na tarar da mahaifiyar Ja'e a gindin bishiya tana wanke ƙwarya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce daga wurin ɗanta nake. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono, ta ƙi zama sai da na sha.

Na ce, "Inna, yana nan da rai, yana gaishe ki. Amma ya samu rauni a wurin aiki. Inji ya cire masa yatsu."

Ba ta yi kuka ba. Ta kafa wa ƙwaryar ido.

"Wanne hannun?"

"Na dama, Inna."

Ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo. "Alhamdu lillahi. Bahago ne. Da ƙyar na koya masa ci da dama. Tatsa, riƙon sanda, ɗaure maraƙi, duk da hagu yake yi."

Na yi watanni ina ci da shi a kwano ɗaya, na ɗauka babu abin da ban sani ba game da shi.

Ta miƙe ta shiga bukka, ta fito da wata 'yar waya ta miƙo mini. "Kira mini shi, ɗana. Ka ce masa na ji, ya daina ɓuya."

Na danna lambar. Tana shiga, aka ɗauka.